Allurar da Ba Ta Wuce Jan Layi Ba

Akwai wani mutum manomi, mazaunin wani ƙauye a gindin dutse. Yana da mata sunanta Afiniki, da gonar citta da dankali a hayin rafi, da wata tsohuwar akori-kura fara wadda yake kwashe amfanin gona da ita. Kafin in ci gaba bari in kwantar muku da hankali, gama na ga wasu iyayenmu mata sun fara dafe ƙirji da jin an haɗa mota da rafi. Ba wanda zai mutu a cikin wannan misali. Tulu ɗaya ne kawai zai fashe, saboda haka ku gyara zama.

Hanyar da ta tashi daga ƙauyen zuwa hayi tana gangarowa daga tudu, ta yi wata muguwar kwana, sa'an nan ta hau wata siririyar gada wadda mota biyu ba sa wucewa a kanta tare. A wannan kwana ce yayan Afiniki ya rasu tun tana budurwa, sa'ad da motar haya ta ƙwace wa direba ta faɗa rafi da su. Tun daga ranar, in ta hango gadar nan sai tsoro ya rufe ta. Don haka ranar da mijinta ya shigo da akori-kura gida, maƙwabta suna ta guɗa suna taya murna, ita kuwa ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado.

Mutumin nan yana ƙaunar matarsa ƙwarai. Sai ya samo ɗan jan fenti, ya kira ta, ya nuna mata maleji, wato agogon nan da ke gaban direba, mai allura da ke nuna yawan gudun mota. Ya tsoma tsinke a fentin, ya ja layi a kan gilashin, ya ce mata, "Maman Keziya, kin ga wannan layi? Muddin ni ne riƙe da sitiyarin nan, allura ba za ta wuce shi ba. Na yi miki alkawari a gaban Allah."

Ya kuwa cika alkawarinsa, shekara da shekaru. 'Yan acaɓa su wuce shi suna dariya, direbobin tasha suka raɗa masa suna Baba Hawainiya, shi ko a jikinsa. In ma za a faɗi gaskiya, abin ya ɗan shiga kansa. Duk wanda ya zauna a gaban motar nan sai ya ji tarihin jan layi daga farko har ƙarshe, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Afiniki ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta coci. Kowane wata matan sukan kai ziyara wata ƙaramar ikilisiya da ke hayi, mutumin nan kuwa shi ke kwasarsu a bayan mota, su da tulunansu na kiɗa. Matan sun san ciwon da ke zuciyar 'yar'uwarsu. Saboda haka da zarar mota ta wuce tsamiyar bakin gari sai su ce mata ta ɗauko wata doguwar waƙar yabo, ta rufe ido tana bayarwa suna amsawa. Da yake tuƙin mijinta ba ya sauyawa, sai ya zamana kullum suna rufe waƙar da Amin, mota tana sauka daga gada a wancan hayi. Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Allah ne ya daidaita abin, su kuma suka riƙe shi, har Afiniki ta saba ƙetare wurin ba tare da ta gan shi ba.

Ana nan sai aka yi wata damina mai yawan ruwa. Hanyar gona ta zama taɓo, akori-kura ta yi ta kafewa, yau a tono ta da fartanya, gobe a nemo majiya ƙarfi su tura. Amma a wannan shekara Ubangiji ya sa wa cittar mutumin albarka. Da ya kai kasuwa ya sayar, sai ya sayo manyan tayoyi masu tsayi da faɗi, mai faci ya ɗaura masa. Mota ta tashi sama, har sai Afiniki ta tattare zani kafin ta iya hawa. Daga ranar kuwa ba ta ƙara kafewa ba. Ku lura da kyau, ba sata ya yi ba, ba alfahari ne ya kai shi ba. Guminsa ne, bukata ce kuma ta gaskiya, ya kuma gode wa Allah a kanta.

Da watan ziyara ya zagayo, mata suka hau, aka wuce tsamiya, Afiniki ta rufe ido ta ɗauko waƙa. Tana tsakiyar bayarwa sai ta ji ƙarar gada a ƙarƙashin tayoyi, ga shi kuwa baitin ƙarshe ko fara shi ba su yi ba. Gabanta ya faɗi. Ta buɗe ido, ta ga ruwan da ta yi shekaru ba ta kalla ba. Ta ce a ranta wataƙila yau ne kawai. Wata na gaba ma haka aka yi.

Sai ta sami mijinta bayan ya ci abinci, ta ce, "Baban Keziya, ka ƙara gudu."

Ya ce, "Ni?"

Ta ce, "Waƙarmu ba ta ƙarewa yanzu sai mun wuce gada."

Mutumin ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Ku ne kuke jan waƙar. Tsufa ya fara kama muryoyin zumunta, ba ku so a faɗa."

Ita ba ta yi dariya ba. Ranar kasuwa ta shiga gaban mota, ta kafa wa allura ido tun daga ƙofar gida har bakin kasuwa. Allura ba ta wuce layi ba, ko taɓa shi ba ta yi ba. Duk da haka jikinta yana gaya mata itatuwa suna wucewa da sauri fiye da dā. Da suka tsaya mijin ya ce, "To, me idonki ya gani?"

Ta ce, "Ba ta wuce ba."

Ya ce, "Shi ke nan."

Amma ba shi ke nan ba ne, 'yan'uwa. Afiniki ta fara shakkar kanta. Ta ce lalle tsohon tsoron nan ne ya dawo mata, wataƙila ma ya fara taɓa mata hankali, ta ji kunyar faɗa wa kowa. Shi kuma ransa ya ɓaci, yana cewa bayan duk shekarun da ya sha dariyar direbobi saboda ita, yau ita ce take tuhumarsa da karya alkawari. Gida ya yi sanyi. Suna gaisawa da safe kamar maƙwabtan da ba su saba ba, ta ajiye masa tuwo ta koma ɗaki.

Ranar wata ziyara aka wayi gari da yayyafi, hanya ta yi santsi. Mata suka cika bayan mota, Afiniki a cikinsu, aka wuce tsamiya ana waƙa. Da aka fara gangara mutumin ya dubi allura, ya gan ta a ƙasa da layi, hankalinsa kwance. Akwai wata bishiyar ɗorawa kafin kwana wadda a daidai ita yake taka birki kullum. Ya taka kamar yadda ya saba, mota ta ƙi jin magana. Bayanta ya kwashe gefe, waƙa ta yanke, mata suka shiga dukan rufin mota da tafin hannu. Ya yi kokawa da sitiyari iya ƙarfinsa, mota ta yi ta zamewa a karkace, ta zo bakin gada ta tsaya cak, tayar baya tana kan gaɓa, ƙasa tana zubewa daga ƙarƙashinta zuwa cikin ruwa.

Sa'an nan mata suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kowace tana shafa jikinta tana duban 'yar'uwarta. Babu karaya, babu jini, ko ɗankwali bai faɗa ruwa ba. Tulun Kaka Zilfa ne, wadda ta fi su shekaru, ya wuntsulo ya fashe a kan dutse. Wata ta fara yi mata jaje, tsohuwar ta ce, "Ki bar zancen tulu, 'yata, maginiya tana nan da ranta." Sai dariya ta ƙwace musu, hawaye yana zuba. Suka durƙusa a bakin hanya cikin taɓo, da fararen zannuwansu, suka yi wa Allah godiya irin wadda ba a koya wa mutum.

Mutumin ya fito daga mota. Kun san maganar da ta fara fita daga bakinsa? Bai ce sannunku ba, bai ce mun gode Allah ba. Cewa ya yi, "Allura ba ta wuce layi ba."

Afiniki ta dube shi, ba da fushi ba, ta ce, "Na sani, Baban Keziya. Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ba zan ƙara shiga motar nan ba." Ta bi sauran mata suka koma gida a ƙafa, mutanen hayi kuma suka zo suka taimaka aka janye motar daga gaɓa.

Kashegari mutumin ya kai motar wurin Irmiya, wani makanike abokinsa tun ƙuruciya, yana faɗa tun bai kashe inji ba, wai birki ya ci amanarsa. Irmiya ya duba birki gaba da baya, ya tarar lafiya lau. Ya koma gefe ya tsaya yana kallon motar, hannu a ƙugu, sa'an nan ya ce, "Yaushe ka yi wa tsohuwa sababbin takalma?"

Mutumin ya ce, "Tun damina."

Irmiya ya ce, "Da ka sauya su, an gyara maleji?"

Ya ce, "Me ya haɗa taya da maleji? Wannan tana ƙasa, wancan yana sama."

Akwai ɗaya daga tsofaffin tayoyin a bayan mota, wadda mutumin ya ajiye don ko-ta-kwana. Irmiya ya sauko da ita, ya sa jak ya kwance ɗaya daga manyan, ya jera su a kan layi ɗaya, ya yi wa kowace alama da gawayi. Ya gara ƙaramar sau ɗaya har alamar ta dawo ƙasa, ya ja layi. Ya gara babbar ita ma sau ɗaya, ya ja layi. Babbar ta wuce ƙaramar. Irmiya ya sa ƙafarsa tsakanin layukan biyu, ta kusa shigewa duka.

Ya ce, "Abokina, malejinka ba shi da ido, ba ya ganin hanya. Juyin taya yake ƙirgawa. Da ƙaramar taya aka saita shi, har yau kuma a saninsa ita ce a ƙafar motar. Kowane juyi kana ƙara wannan tazara, shi bai sani ba, kai ma ba ka sani ba."

Mutumin ya zauna a kan tayar. Can ya ce, "Ashe Maman Keziya ta yi gaskiya."

Irmiya ya ce, "Ta taɓa faɗa maka ne?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce a kwance manyan tayoyin duka a mayar da ƙananan, ba ya son ko ganinsu. Irmiya ya ce, "Me suka yi maka? Su ne suka fitar da kai daga taɓo. Ka bar su inda suke, maleji za mu gaya wa gaskiya." Ya shiga ƙarƙashin mota, ya zaro wani ɗan giya na roba mai haƙora, bai fi goro girma ba, wanda shi ke juya wayar da take zuwa maleji. Ya sa wani mai ƙarancin haƙora a madadinsa, ya ɗaure, ya fito yana goge hannu. Mutumin ya yi ta juya tsohon a tafin hannunsa, yana mamaki cewa ɗan wannan abu ne ya kusa raba shi da matarsa.

Suka fita kan kwalta don gwaji, Irmiya yana gefe a wata mota mai lafiyayyen maleji, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har suka tabbata allurori biyun sun yarda da juna. A nan ne mutumin ya ga abin da ya sa gumi ya keto masa. Da ya bar ƙafarsa ta taka totur yadda ta saba a watannin nan, allura ta haye jan layi ta bar shi a baya. Da ya sassauta ya dawo da ita ƙasa da layi, sai ya ji kamar motar rarrafe take yi. Ƙafarsa ta riga ta saba da gudu.

Da ya koma gida bai tsaya dogon bayani ba. Ya sa jak a tsakar gida, ya kwance babbar taya, ya sauko da ƙaramar, ya ɗauko gawayi a murhu, ya kira matarsa. Ya gara su a gabanta kamar yadda aka yi masa. Afiniki ta dubi layukan biyu, ta sake dubawa, sai ta nemi turmi ta zauna, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye ya zubo mata.

Ta ce, "Na ɗauka kaina ne ya taɓu."

Ya ce, "Kanki lafiya lau. Ni ne na gaskata allura na ƙaryata ki. Ki yafe mini."

Ta yafe masa nan take. Ba ta shiga motar a ranar ba, ba ta shiga kashegari ba, shi kuma bai matsa mata ba. Ranar kasuwa yana ɗora buhuna sai ga ta ta fito da kwandonta, ta buɗe ƙofar gaba da hannunta, ta tattare zani ta hau.

To, ƙaunatattu, ga ma'anar wannan misali. Mutumin nan ni ne, kai ne, ke ce. Malejin kuwa lamirinmu ne, wato muryar nan ta cikin zuciya da take ce mana ya isa, kada ka wuce nan. Kyauta ce daga Allah, kada kowa ya raina ta. Amma lamiri ba ya ganin hanya. Abin da ya saba da shi yake aunawa, da ma'aunin da aka saita shi tun dā.

Manyan tayoyin su ne ƙarin da Allah yake yi mana. Ba zunubi ba ne. Sai dai duk ƙarin da ya zo yana sa juyi ɗaya ya kai nesa fiye da dā. Lokacin da kake saurayi, in ka yi wa mutum ba'a a bakin coci, dariya ake yi a watse. Yau kai dattijon ikilisiya ne. Ba'ar ba ta sauya ba, bakin ma shi ne, amma wanda ka yi wa ya koma gida bai iya cin abinci ba, kai kuwa kana cewa ai haka nake magana tun fil azal. Uwa, muryar da kike tsawata wa 'ya'yan cikinki da ita, su gudu su dawo suna wasa, ita ce yau kike yi wa matar ɗanki magana da ita, yarinya tana shiga ɗaki tana kuka, ke kuma zuciyarki ba ta ce miki komai ba. Ku matasa kada ku yi murmushi, na iso kanku. Dā gulma kunne ɗaya take shiga, in ta yi nisa biyu. Yau da ɗan yatsa ɗaya a kan waya ka tura ta gari duka kafin ruwan shayi ya tafasa, sa'an nan ka ce ai mutum ɗaya na tura wa.

Saboda haka in mutum ya ce mini, "Ni dai zuciyata ba ta zarge ni ba," nakan yarda da shi, kamar yadda Afiniki ta yarda cewa mijinta bai yi ƙarya ba. Amma mai gaskiya ma yana kai mutane bakin gaɓa. Akwai abin da ba ya sauyawa ko tayarka ta yi girma ko ta ƙanƙance, shi ne Maganar Allah, da ita ake saita lamiri, ba sau ɗaya ba, duk lokacin da rayuwa ta sauya. Allah kuma cikin alherinsa yakan sa wani a kusa da kai wanda jikinsa yake jin gudun da allurarka ba ta nunawa. Sau da yawa ba shi da hujja, ba ya iya yin bayani, yana ma shakkar kansa. In ka yi masa dariya ka ɗora masa kaya biyu, ga tsoro ga kunya.

Ga kuma abin da ya sa nake ba da wannan misali da farin ciki. Motar ta tsaya. Ba ƙwarewar direba ce ta tsayar da ita ba, jinƙai ne. In kana zaune a nan yau, gidanka bai watse ba, wanda ka ɓata wa rai yana gaishe ka har yanzu, to kai ma an tsayar maka da mota a bakin gada, ka gode wa Allah. Ba a ce ka yar da albarkarka ba, ba a ce ka daina jin zuciyarka ba. Gyaran ƙarami ne, Mai gyaran kuma yana kusa, ba ya korar wanda ya zo. Kwanakin farko za ka ji kamar an ɗaure ka, za ka ga kamar ka yi sanyi da yawa. Ka yi haƙuri, ƙafarka ce take koyon gaskiya.

Yau in kun koma gida, kafin a zuba abinci, kowa ya sami wanda ya fi kusa da shi, mata ko miji, ɗa ko suruka, ya tambaye shi a hankali, "Na yi gudu da yawa ne?" In ka tambaya, kada ka nuna masa allura. Ka rufe bakinka, ka zauna, ka ji amsar har ƙarshe.